Bargon haɗe-haɗe da sauran abin da ke fita daga shagona

Duk wanda ya leƙo ɗan shagonmu a 'yan watannin nan zai tarar da teburin yanka cike da guntayen ƙyallaye, masu kusurwa huɗu da masu uku, an jera su kala-kala. Bargon haɗe-haɗe ne ya ɗauke mana hankali, wato wanda ake yanyanka yadi a sake haɗa shi ya ba da zane, a sa masa ciko a tsakiya, a yi masa shafi, sannan a bi hawa ukun da ɗinki. Muna yin jakunkuna masu zif, da rigunan matashi, da abin sauke tukunya mai zafi, kuma akasarinsu don kyauta ake saye. Amma in aka tambaye ni inda gwanintarmu take, bargon nan zan nuna.

Wanda muka gama na baya-bayan nan na jariri ne, faɗinsa santimita 90, tsawonsa 120. Na yi masa tsohon zanen nan da ya yi tashe a Amurka tun shekarun 1860: a fara da ɗan jan ƙyalle a tsakiya, a riƙa kewaye shi da sirarran ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, masu haske a ɓangare guda, masu duhu a ɗayan. Kowane irin wannan haɗi gida ɗaya ne. Idan aka haɗa gidajen, sai ka ga haske da duhu suna ratsa bargon a karkace, alhali duk ɗinkin da ke ciki miƙaƙƙe ne. Uwar jaririn da ta zo karɓa sai da ta juya bayansa tana neman inda zare ya tattare. Ba ta samu ba.

Sirrin aikin nan yana cikin ɗan bakin da ake bari a bayan ɗinki. Kwatar inci ne, kimanin milimita 6, kuma dole ya zama haka daga ƙyallen farko har na ƙarshe. Mai ɗinkin riga in ya ƙara milimita ɗaya babu wanda zai gane. A nan kuwa, milimita ɗaya tana cin biyu, domin ƙyalle biyu ake haɗawa. Layi mai ƙyalle 20 yana da gaɓa 19, ka ga an yi asarar kusan santimita 4 ke nan, kuma sai an zo haɗa shi da layi na gaba za a ga kusurwoyi sun ƙi haɗuwa. Shi ya sa ba na barin yarinyar da ta zo koyo ta taɓa yadin mutane sai hannunta ya zauna a kan wannan awo. Guga ma tana da nata ka'ida. Ana dannawa ne a ɗaga, ba a jan dutsen guga, domin ƙyallen da aka yanka a karkace yana miƙewa. Ana kwantar da bakin ɗinkin wajen ƙyalle mai duhu don kada inuwarsa ta fito ta cikin mai haske, layi na gaba kuma a kwantar da nasa ɗaya ɓangaren, su cije juna a mahaɗa.

A wajen gwaggona na koya, a kan baƙin kekenta na ƙafa, Singer, kamfanin mutumin nan Isaac Singer da ya yi wa kekensa rajista a 1851. Ba ta yarda a zubar da ƙyalle ko da faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Tana da wani kwali da ta yanka daidai awo, ta ɗora a kan yadi ta zagaye da alli, ta yanka da almakashin da babu mai taɓa mata shi. In na kawo mata abin da na ɗinka, ba ta duban fuskarsa. Bayansa take juyawa, ta bi gaɓar da farcen babban yatsa, ta ce, "'Yata, a nan ake gane tela." Yau ina da wuƙar yanka mai faifai, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, ina yanka hawa huɗu a ja ɗaya. Ta rage wahala ƙwarai, amma idon gane launin da zai zauna kusa da wani, wannan daga gwaggo ne, Allah ya jiƙanta.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kawo yadi. Mutum zai rantse maka auduga ce zalla, ka taɓa ka ji santsi, ka san an gauraya ta da roba. Yanzu ba na jayayya da kowa. Ina yanko ɗan baki in kunna masa ashana a gabansa. Auduga tana ci da wuta, ta yi warin takarda, ta bar toka mai laushi. Mai roba narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Ga abin sauke tukunya wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin cikon roba zai narke a hannun mai girki. Ita ma audugar kirkin sai na wanke ta kafin almakashi ya taɓa ta, saboda tana tsukewa a wankin farko, jan yadi da shuɗi mai duhu kuma sukan zuba. Gara su zuba a bahona da su zuba a kan farin ƙyallen bargon da aka ba wani kyauta.

Sai kuma masu kwaikwayo. Ana buga hoton haɗe-haɗe a kan yadi guda, a liƙa masa siririn soso da gam, a bi shi da 'yan layukan ɗinki, a ce bargon hannu ne. Wata za ta shigo da hotonsa a waya ta ce, "Haba Hajiya, ga irinsa can da sauƙi, ki rage mini mana." Nakan miƙa mata nawa in ce, "'Yar'uwa, sa yatsa ki ji gaɓar." Nawa kowane launi ƙyalle ne daban. Bakinsa an naɗe shi da yadi ninki biyu, an ɗinke fuskar da keke, bayan kuma da hannu, ɗinkin da sai an ƙura ido za a gan shi. Na wancan, wanki kaɗan soson zai tattare a kusurwa ɗaya. Araha ba ta ado. Wasu su tafi, wasu su dawo bayan sun gwada.

Aikin da ke kan teburina yanzu ya fi kowanne taɓa mini zuciya. Wata baiwar Allah ce ta kawo rigunan mahaifinta da ya rasu, tana so a yi wa kowane jikansa ɗan bargo. Tsohon yadi yana da wuyar sha'ani: wani wuri ya yi laushi har yana nuna haske, wani wuri da sauran ƙarfinsa. Sai na ɗaga kowace riga a rana na zagaye inda ya ci, masu rauni in manna musu siririn shafi a baya kafin yanka. Akwai wani aljihu mai ɗan tabon tawada da matar ta roƙe ni in bar shi yadda yake, na sa shi a tsakiyar bargon babban jikan. Irin wannan aiki tsoho ne a duniya. Matan yankin Bengal na Indiya da Bangladesh suna jera tsofaffin zannuwansu su bi su da ɗinkin hannu, suna kiransa "kantha" da harshensu. Matan ƙauyen Gee's Bend a jihar Alabama ta Amurka da tsofaffin tufafin aikin gona suka yi nasu, har aka baje su a gidan adana kayan fasaha na Houston a 2002.

Mai son irin wannan ya kawo kayan a wanke, kada a cire maɓallai, kada a yanka komai, a bar mini wannan. Kuma a zo da wuri, ba ana saura kwana uku a ba da kyautar ba, domin ɗinkin bakin kaɗai da hannu nake yinsa, ba na kuma ba wa kowa shi.