Na kwashe teburan, na bar ƙa'idojin a baya

Shekara shida muna lissafin kayan ajiya da Microsoft Access, wata manhajar adana bayanai, a wurin aikinmu. Teburan da ke riƙe da bayanan, fom ɗin da ake shigar da su ta ciki, da rahoto duk suna cikin fayil guda. In aka nemi sabon rahoto da safe, kafin a tashi aiki na miƙa shi. Matsalar ita ce fayil ɗin Access ba ya wuce gigabayit 2, namu kuwa ya kusa cika, ga shi yana yawan lalacewa idan mutum goma suka buɗe shi lokaci guda. Sai na yanke shawarar mayar da bayanan zuwa PostgreSQL, wani rumbun bayanai da ya fi ɗaukar nauyi, a gina musu fuska daban da za a riƙa buɗewa ta burawuza.

Kwashe teburan bai ba ni wahala ba, shi ya sa na saki jiki.

Bayan mako uku mai kula da sito ya kira ni, ya ɗora bakin biro a kan allon kwamfuta: wani kaya ya rage -40. Gabana ya faɗi. A tsohon tsari hakan ba ya taɓa yiwuwa, amma ban taɓa tambayar kaina me ke hana shi ba. Ashe duk ƙa'idojin, kamar kada a fitar da fiye da abin da ke ajiye, kada lambar kaya ta maimaitu, kada ranar fita ta riga ranar shigowa, an rubuta su ne da VBA, harshen rubuta umarni na cikin Access, a bayan fom. Teburan kansu ba su san da su ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne sau da yawa ina buɗe fom ɗin nan don gyara rubutu ko launi, ƙa'idojin suna gabana ban kula ba.

Da na zo sa su a cikin rumbun bayanan, PostgreSQL ya ƙi karɓar dokar hana maimaici sai an share maimaicin da ya riga ya shiga. Mako biyu muka yi muna bin layi ɗaya bayan ɗaya, muna gwadawa da takardun karɓar kaya.

Yau tsarin ba ya lalacewa, kowa na shiga daga inda yake, kuma ina alfahari da hakan. Sai dai rahoton da nake haɗawa cikin awa biyu yanzu yana cin kwana uku, domin sai an rubuta tambayar SQL, wato umarnin da ke zaƙulo bayanai daga rumbun, an rubuta shafin, an gwada.

Da zan sake, da fom ɗin Access zan bari a wurinsu, in haɗa su da PostgreSQL ta ODBC, hanyar da ke sada manhaja da rumbun bayanai, tukuna. Daga nan in bi su ɗaya bayan ɗaya, duk ƙa'idar da na gani in rubuta ta a takarda, in mayar da ita cikin tebur, kafin in taɓa maganar burawuza.