Tukunyar da Na Bari Ta Kwana

Ranar Asabar mai zuwa zan miƙa makullin sito, in ɗauki 'yar jakata in bar gidan da na yi shekara shida ina yi wa girki. Mutum goma sha huɗu ne a gidan in an haɗa da direba da mai gadi, ci sau uku a rana, ban da baƙon da ke faɗowa daidai lokacin da aka sauke tukunya. Duk wadda ta taɓa riƙe kicin ɗin wani ta san sauran bayanin, ba sai na ja zance ba.

Hajiya mace ce mai lissafi. Farkon wata take ba ni kuɗin cefane, kuma kuɗin nan bai san cewa kasuwa tana motsi ba: abin da ta ba ni a shekarar farko, shi ta ba ni a ta uku, da ɗan ƙarin da bai kai a ambata ba. Albasa sai ta ƙirga. Galan ɗin mai kuwa akwai layin da ta ja masa da biro. Tana da magana ɗaya da kowa a gidan ya haddace, har yara suna kwaikwayonta a bayan ido: "A gidan nan ba a zubar da abinci." Ni ban taɓa jin haushin maganar ba, don ni ma haka aka rene ni. Inda muka saɓa da ita daban ne, kuma sai da aka kwana a asibiti na gane wurin.

A shekarata ta uku ne. Aka ce dangin Alhaji za su zo, wajen mutum ashirin. Na ɗora babbar tukunyar nan ta biki, wadda sai mutum biyu ke sauke ta, na cika ta da farar shinkafa tun biyar na yamma. Mutum shida suka zo. Sha ɗaya na dare ta wuce ina tsaye a kan tukunyar da ko rabi ba a ci ba, ƙafafuna sun kumbura, firji kuma cike yake taf da naman da aka saya domin baƙin. Ko da akwai wuri ma tukunyar ba za ta shiga ba. Na san akwai tire-tire a saman kabad, na san zan iya kwashewa in baza ta sha iska, in cusa abin da ya samu wuri. Gajiya ta hana. Na mayar da murfi na danne shi da kyau, har na ɗora wani kwano a kai don kada komai ya shiga, na kashe fitila na tafi na kwanta da zuciya ɗaya, wai na adana abinci.

Da asuba na taɓa gefen tukunyar, na ji ta da ɗumi. Wallahi har daɗi na ji. A raina na ce, ka ga, ko hucewa ba ta gama yi ba, ina za ta lalace?

Duk da haka wani abu ya tsaya mini. Na sami Hajiya a ƙofar ɗakinta na ce, "Hajiya, shinkafar jiya fa a waje ta kwana."

"To sai me? Ta yi yami ne?"

"A'a, ban ji komai ba."

"Ki soya ta da ƙwai da albasa yara su karya da ita. Ko so kike in zubar da buhu guda?"

Na koma na buɗe, na shinshina, na ɗanɗana. Lafiya lau, fara sol, wara-wara. Na soya ta sosai har tana turiri, ƙamshi ya cika gidan. Yara biyar suka ci, mai gadi ya ci, Auta mai shekara huɗu har da ƙari.

Ƙarfe goma bai cika ba Auta ta fara amai. Kafin a gama goge wurin, yayanta ya biyo. Cikin awa guda gidan ya rikice, wannan na riƙe da ciki, wancan na durƙushe a bakin famfo, mai gadi yana kwance a benci yana nishi. Manyan sun warware zuwa dare. Auta ce jikinta ya saki, idonta ya faɗa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa ta kwana a asibiti. Ni na riƙe ta a bayan mota, kanta a cinyata, tana kiran sunana a hankali. Har yau in na ji ƙamshin soyayyiyar shinkafa da ƙwai, muryar nan nake ji.

Likitar da ta duba su ce ta ja ni gefe ta tambaye ni abin da suka ci. Da na faɗa mata ba ta yi faɗa ba, bayani ta yi mini, kuma shi ne darasi mafi tsada da na taɓa ɗauka. Akwai wata ƙwayar cuta, Bacillus cereus, da ke zuwa tare da ɗanyar shinkafa tun daga gona. Takan naɗe kanta cikin wani ɓawo mai tauri da tafasa ba ta kashewa. In shinkafa ta dahu aka bar ta tana hucewa a hankali, sai ƙwayar ta farka ta yi ta yaɗuwa, tana sakin guba a cikin abincin. Gubar nan wuta ba ta cin ta, ki soya, ki turara, tana nan. Ba ta da wari, ba ta sauya ɗanɗano, kuma aman yakan taso tsakanin rabin awa zuwa awa shida bayan an ci. Zafin da ƙwayoyin cuta suka fi so shi ne tsakanin digiri 5 da digiri 60, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye a sarari. Tukunyata ta yi fiye da awa goma sha biyu. Girmanta da murfin da na danne su ne suka riƙe mata ɗumin da na taɓa da asuba na yi murna. Ashe ɗaki na gyara wa cuta, har da rufe mata ƙofa kada sanyi ya dame ta.

Washegari Alhaji ya tara mu a falo. Ya ce, "Yaya aka yi haka?" Kafin in buɗe baki Hajiya ta ce, "Ai sai da na ce mata ta duba da kyau. Ni ina zan san abin da ke cikin tukunya? Aikinta ne." Na ɗaga kai na dube ta. Ita kuwa gyaran ɗankwalinta take yi. Aka yanke rabin albashina na watan a kuɗin asibiti. Na ce to.

Na daɗe ina juya wannan "to" ɗin a raina. Laifina ban taɓa musunsa ba: ni na dafa fiye da kima, ni na rufe tukunya na tafi barci, ni na soya. Amma na je na faɗa, kuma an ba ni umarni. Laifi tudu ne, an ce, ka taka naka ka hango na wani. Abin da ya fi yanke albashin ciwo shi ne watan da ya biyo baya, lokacin da Hajiya ta ɗauki ɗabi'ar shigowa kicin tana buɗe tukwanena tana shinshinawa a gaban yara. Hancin nan dai da ya yaudare mu duka biyun ranar, shi ta mayar alƙali. Ban tanka ba. Ina da 'ya'yan da nake biya wa makaranta.

Abin da na yi shi ne na sayi ɗan ma'auni da kuɗina, da littafi mai bango ja. Wata guda cur ina rubuta abin da na auna na zuba da abin da ya dawo a faranti. Abin kunya ne, amma sai na faɗa: shekara uku ina dafa abincin mutum goma sha takwas ga mutum goma sha huɗu. Hannu ne ya saba, da tsoron kada a ce bai isa ba. Ɗanyar shinkafa takan kusan ninka nauyinta sau uku in ta dahu, giram 80 zuwa 90 ya ishi yawancin manyan gidan in akwai mahaɗi mai kyau, ƙananan yara kuwa rabin haka ma sai sun rage. Na nemi wani kofi na yi masa alama, ya zama shi ne ma'aunina. Abin da na rage a shinkafa da taliya ya koma ƙwai da ganye da wake, a cikin kuɗin nan dai da ba ya motsi. Babu wanda ya tashi da yunwa. Babu kuma wanda ya tambayi yadda aka yi ganye ya yawaita a faranti.

A nan ne na gane inda muka saɓa da Hajiya. Ita tattalinta a ƙarshen girki yake, wurin ceto abin da ya ragu. Nawa ya koma farko, wurin awo, kafin ruwa ya taɓa hatsi. Abincin da ba ki dafa ba yana nan a buhunsa, zai jira ki wata da watanni. Wanda kika dafa kuwa agogo ya fara bugawa a kansa. Ko baƙi aka ce za su zo yanzu, rabi nake dafawa in ajiye ruwan zafi a gefe. Farar shinkafa minti ashirin ce, ba baƙon da ya taɓa mutuwa don ya jira minti ashirin yana shan ruwa.

Kuma don kada a ce na zalunce ta, a batun zubar da abinci tana da gaskiya. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kashi 60 cikin ɗari daga gidaje, wato kimanin kilo 79 a kan kowane mutum. Asara ce babba. Sai dai akwai wani lissafin da ba ta taɓa sa wa a littafinta ba: ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015 ya nuna mutum miliyan 600 ke kamuwa da ciwo duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 su mutu, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Auta shekararta huɗu a lokacin. Garin neman gira muka kusa rasa ido, a kan shinkafar da ba ta kai kuɗin ledar ƙarin ruwa biyu ba.

Ban daina amfani da ragowar abinci ba, wa zai iya? Hanya na sauya. Da an gama zuba wa kowa, sauran in baza shi a tire mai faɗi, kada kaurinsa ya wuce yatsa biyu, ya huce da wuri, ya shiga firji cikin awa guda. Shinkafa ba ta wuce kwana ɗaya a wurina. Ɗumame sau ɗaya ne, kuma sai ya yi zafi har tsakiya. Wanda ya kwana a waje kuwa ba na shinshinawa, ba na tambayar kowa.

Sauran abubuwan da shekara shida ta koya mini ƙanana ne, duk mai girki za ta tsince su a hanya. Wake in ya kwana a jiƙe yana rage cin wuta sosai, kuma in aka haɗa shi da hatsi kowanne yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki, har a yi kwanaki ba a nemi nama ba. Jan waken nan mai siffar ƙoda sai ya tafasa da ƙarfi na aƙalla minti goma, in ba haka ba shi ma yana sa amai. Rufe tukunya tana kan wuta tattalin gas ne. Nama kaɗan a yanka ƙanana a soya da albasa tun farko ya fi gunduwa-gunduwa a ƙarshe. Albasa da dankali kada su zauna wuri ɗaya. Sabon saye ya koma baya, tsohon ya dawo gaba. Gishiri a hankali, ana ƙarawa, ba a cirewa.

Ga 'yan'uwana masu girki a gidajen mutane kuwa, abu ɗaya zan ƙara, ku ɗauke shi yadda kuka ga dama. In aka sa ki yin abin da ranki bai kwanta da shi ba, kada ki faɗi shakkarki a ƙofar ɗaki daga ke sai ita. Ki faɗa a inda kunne na uku zai ji. Kuma ki riƙe littafin cefane, ki rubuta komai har ashana, da kwanan wata. Ni nawa ya kai littafi bakwai, kuma tun daga ranar babu wanda ya sake tsayar da ni a falo.

Jiya sabuwar yarinyar ta zo in nuna mata wuri. Ba za ta wuce ashirin ba, sai sunkuyar da kai take. Ina cikin sito ina jera mata kaya na jiyo Hajiya ta shigo kicin tana mata bayani.

"Kin ga tire-tiren nan? A gidan nan ba ma barin shinkafa ta kwana a tukunya. Bazawa ake a sa a firji. Dokata ce tun da can, ba na wasa da lafiyar yara."

Yarinyar ta ce, "To, Hajiya."

Na gama jera gwangwanayen, sabo a baya, tsoho a gaba. Kofin awon na bar mata shi a kan buhun shinkafa, na nuna mata alamar. Ma'aunin kuwa na naɗe shi a zani na sa a jakata, tunda da kuɗina na saya.