Hanta ɗaya, masu ɓarna biyu

A ɗakin gwaje-gwajen da nake aiki a Jos, duk wanda aka turo mana da kumburin ciki ko ciwon shawara, gwajin ciwon hanta nau'in B ne a saman takardarsa. Ba laifi, tunda binciken da aka yi a ƙasa baki ɗaya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar. Sai dai da zarar layi biyu sun fito a tsinken gwaji, alamar akwai ƙwayar, kowa sai ya ce an gano bakin zaren, a rufe bincike. Aiki ya koya mini cewa nan ne ya kamata a ƙara tambaya.

Mutanenmu sun san tsargiya da fitsarin jini. Amma tana da 'yar'uwa, Schistosoma mansoni, wadda tsutsarta ke zama a jijiyoyin jinin hanji. Wasu ƙwayayenta su fita da bayan gida, wasu jini ya kwashe su zuwa hanta su maƙale a ƙananan jijiyoyi. Jiki ya yi ta yin tabo kewaye da su har hanyar jini ta tsuke. Daga nan saifa ta kumbura, jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi su cika su yi tsuru-tsuru, wata rana mutum yana zaman zamansa sai aman jini. Abin ɗaure kai, naman hantar yakan daɗe yana aikinsa, gwajin jini ma ya fito ƙalau. Shi kuwa nau'in B naman yake ci a hankali, har ya kai ga ƙanƙancewar hanta ko ciwon daji. To idan suka haɗu a jiki guda, wannan ya toshe hanya wancan ya cinye nama, majinyaci ya fi saurin galabaita.

Shi ya sa yanzu nakan tambayi mutum kafin ya miƙo hannu: "Baba, ina kuke ban ruwa?" Wani manomi ya taɓa yi mini dariya, ya ce, "Ɗana, ni da ciki ke damu, me ya kawo zancen ruwa?" Ashe tun yana yaro yake noman rani a bakin rafi, ƙafa cikin ruwa daga safe har azahar, inda katantanwa ke sakin tsutsar da ke huda fata. Likita ya ƙara mana gwajin bayan gida, sai ga ƙwan a ƙarƙashin madubi, dogo, da ƙayarsa a gefe. A Filato, ga rafuka ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, wannan tambaya ba ɓata lokaci ba ce. Cibiyar Carter, wata ƙungiyar agaji ta Amurka, ma ta daɗe tana taimaka wa rabon maganin tsargiya a Filato da Nasarawa.

Maganin ba ɗaya ba ne. Praziquantel, miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum, yana kashe tsutsar amma bai san da zaman nau'in B ba. Tenofovir na danne ƙwayar B amma ba ruwansa da tsutsa. Shi manomin, likita ya rubuta masa na tsutsar nan take, ya tura shi hoton ciki, ya kuma ce a kawo matansa da 'ya'yansa a yi musu gwajin nau'in B, wanda bai kamu ba a yi masa rigakafinsa.