Godiya ga iyalin da suka ba mu masauki a Kusiri

Alhamdu lillahi, mun koma gidanmu a Kusiri, Kamaru, bayan ambaliyar ruwa. Ruwan kogin Logon ya ja baya, an ta da katangar da ta faɗi, yara sun koma makaranta. Ina godiya ga matasan unguwa da suka kwana suna cika buhuna da ƙasa don tare ruwa, da masu kwale-kwalen da suka kwashe tsofaffi ba su karɓi ko dala ba, da 'yan'uwa na Marwa da Garwa da suka aiko da abin da ya sawwaƙa. Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Amma akwai gida ɗaya da ya zama dole in keɓe. Mai gidan ya roƙe ni kada in ambaci sunansa, don haka zan ce Baba, kamar yadda nake kiransa.

Baba mutumin Gamboru ne, a jihar Borno ta Najeriya. A watan Agustan 2014, da 'yan Boko Haram suka kama garin, ya tsallako garin Fotokol na Kamaru da matarsa da yara, daga su sai kayan jikinsu. Can ya bar shagonsa na kifin banda. Da suka iso Kusiri, mutumin da a da yake da yaran shago shi ne ya koma dako a kasuwa, daga baya ya samu kura yana tura ruwa. Matarsa Inna kuwa tun kafin kiran assalatu take hura wuta tana suyar ƙosai a bakin titi, har yau akwai tabon mai a bayan hannunta. Da wannan suka kafa teburin shayi, da teburin shayin suka kama hayar ɗaki biyu a kan tudu. Babu wanda ya taɓa ganin sun miƙa wa wani hannu.

A daren da ruwa ya shigo mana, a ambaliyar 2024, ban neme shi ba, shi ya zo. Da kurarsa ta ruwa ya zo, ya sauke jarkokin, ya shimfiɗa tabarma a ciki, muka ɗora mahaifiyata da ba ta iya tafiya. Ruwa har gwiwa, dattijon nan yana turawa ina haska masa da fitilar waya. Na ce, "Baba, gidanku ba zai ɗauke mu ba." Ya ce, "Ɗana, taho kawai. Mu ma wasu ne suka buɗe mana ƙofa a Fotokol."

Suka bar mana ɗaki guda, su duka suka cunkushe a ɗayan, samarin na kwana a zaure. Kuma ba mu kaɗai ba. Wata baiwar Allah 'yar ƙabilar Musgum da jikokinta ita ma a rumfar gidan ta zauna, ba ta jin Hausa sosai, da Larabcin Shuwa suke fahimtar juna da Inna. Kullum ƙosan farko na yaran gida ne kafin a fita da sauran. Da zazzaɓi ya kama 'yata, gidan sauronsu Inna ta kwance ta ɗaura mata. Ranar da za mu tashi na ɗaure 'yan kuɗi na tura ƙarƙashin tabarma, washegari ƙaramin ɗansu ya kawo mini su har gida, da ƙullin sukari da ganyen shayi a kai.

Baba, Inna, ba ni da abin da zan biya ku. Allah Ya yalwata muku, Ya ba ku gida na kanku, Ya raya zuri'a.

Ina da roƙo ɗaya ga duk wanda ya karanta wannan. Babban ɗansu ya rabu da su a ranar gudun, kuma har yau babu labarinsa. Ku sa shi a addu'a, Allah Ya bayyana shi cikin aminci.