Daga Ina Titus Yake Zuwa?

Kwanakin baya na tsaya a wajen wani mai sayar da kifin ƙanƙara yana ɓalle katan ɗin titus da wuƙa, kifayen sun daskare sun manne da juna kamar an jera itace, kowane da zanen baƙi mai lanƙwasa a gadon bayansa. Da na duba rubutun jikin kwalin, sai na ga sunan wata ƙasa da ke can arewacin Turai.

Wannan kifi galibi ba ya zama a gaɓa ko a ƙasan teku. Yawo yake yi garke-garke a tsakiyar ruwan arewa maso gabashin tekun Atlantika, kuma jiragen Norway da Birtaniya da Ireland da Holan ne suka daɗe suna bin sa. Kamun nasa ya wuce abin da muka sani na koma da kwalekwale, domin da na'urar sauraren motsin ruwa ake gano garken, a kewaye shi da taru ko a ja wata ƙatuwar raga a bayan jirgi, sannan a zuƙo kifin da famfo zuwa tankunan ruwan sanyi. Wasu jiragen ma a cikinsu ake daskarar da shi a zuba a kwali.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne rigimar rabo. Da garken ya fara kutsawa ruwan Iceland, sai ƙasar ta yanka wa kanta tan 130,000 a shekarar 2010, tsibiran Faroe da ke tsakanin Iceland da Norway kuma suka ɗauki tan 85,000, ba tare da amincewar Norway da Tarayyar Turai ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla a 2014 ta shigar da Faroe amma ta bar Iceland a waje. Shekara da shekaru, idan aka haɗa kason da kowa ya ba kansa, jimillar takan zarce abin da masanan ICES, majalisar binciken teku ta ƙasa da ƙasa da ke Copenhagen a Denmark, suka ba da shawara a kama, har ta kai ga an dakatar da tambarin shaidar kamu mai ɗorewa da ƙungiyar MSC ta ba kamun wannan kifi a 2019.

A ganina, ƙasashe masu arziki da ilimi irin waɗannan ba su da hujjar kasa daidaitawa, alhali su ne kan gaba wajen yi wa wasu wa'azin kiyaye teku. Shi kuwa mai kifin, da na tambaye shi dalilin tsadar titus, farashin dala kawai ya ambata mini.