Alhamdulillah an gama, ga godiyata gare ku

Alhamdulillahi rabbil alamin. Jama'a kwamfutar ta dawo daidai, Facebook ɗina da imel duk sun dawo hannuna, kuma wancan saƙon da aka riƙa tura muku da sunana wai ina kwance a asibiti a taimaka da kuɗi, na sake faɗa ba ni ba ce, lafiyata ƙalau sai dai gajiya da rashin barci. A taƙaice ɓarawon intanet ne ya yi wa kwamfutata kutse ya ƙwace min akawun ɗina. Waɗanda suka bi maganar tun farko kun san yadda aka yi ba sai na maimaita ba, ni kaina ba na son tunawa.

Na san ya ce kar in ambace shi amma wallahi ba zan iya yin shiru ba. Yaron maƙwabtanmu da duk unguwa ke ce wa Injiniya, Allah ya yi maka albarka ya jiƙan mahaifinka. Yana shigowa ko zama bai yi ba ya ce Anti a fara kashe intanet ɗin tukuna, don muddin tana haɗe ana ci gaba da kwasa. Ni da na yi sikanin an ce min babu komai har na fara tunanin ko zargi ne kawai nake yi, sai ga shi ya buɗe wata manhaja Autoruns ya nuna min wani abu da ya ɓuya a cikin AppData, wata folda da manhajoji ke ajiye bayanansu, da suna kamar na Windows, kullum aka kunna kwamfutar shi ma ya tashi. Ya ce ta wani gem na kyauta da aka sauke ya shigo, irin waɗanda aka fasa ɗin nan. Wai shi wannan ba ya lalata komai, sata kawai yake yi, ya kwashe fasuwod ɗin da burauza ta ajiye har da kukis, wato ƙananan bayanan da ke sa shafi ya tuna kin riga kin shiga, kuma da kukis ɗin ɓarawo zai shiga akawun ɗinki ba a ma tambaye shi lambar da ake turowa a waya ba. Ya ce alamun irin na su Lumma ne, wani bairos mai satar bayanai, wanda a watan Mayun 2025 Microsoft suka ce ya kama kwamfutoci sama da 394,000 cikin wata biyu kawai. Ai sai jikina ya yi sanyi.

Ya yi Microsoft Defender Offline, wanda ke kashe kwamfutar ya bincika kafin Windows ta tashi, ya bi da wata manhajar kama bairos mai suna Malwarebytes, an kama wasu an goge. Sai ya ɗago ya ce Anti gaskiya hankalina bai kwanta ba, gara a yi fomatin gaba ɗaya a zuba sabuwar Windows.

Nan ne fa na rikice. Ba lissafin atamfa da leshi ya dame ni ba, wannan ko a littafi na haɗa shi. Hotunan marigayi Baba ne a ciki, da muryarsa da autanmu ya ɗauka yana mana nasiha a Sallar da ya yi ta ƙarshe, kuma wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da ɓata, babu shi ko'ina sai a nan. Ban san lokacin da na fara kuka ba a gaban yaro. Bai ce min komai ba, ya tashi ya fita har na ɗauka haushi ya ji, can sai ga shi da hadis (hard disk, na'urar ajiye fayiloli) ɗinsa na kansa, a gabana ya goge kayansa don a samu wuri. Ya tashi kwamfutar da Linux, wani tsari daban da Windows, daga filashi yadda mugun abin ba zai motsa ba, ya zauna a kan tabarma a zaure yana kwashe hotuna da takardu da sauti kawai, duk wani fayil mai exe, wato na manhaja, ya ce ko na mene ne a bar shi ya tafi. An ɗauke wuta, sauro na cizonsa, shi ko a jikinsa. Da ya gama ya ce Anti zo ki ji, ya kunna min muryar Baba daga hadis ɗin don in tabbatar kafin ya goge komai. Da safe na aika masa da ɗan abin da ya samu ya dawo da shi, wai Baba ne ya taɓa sa baki aka ɗauke shi a makarantar allo yana ƙarami. Ya Allah ka buɗa wa yaron nan, ka ba shi mata tagari, ka raba shi da baƙin ciki duniya da lahira, ka sa hannun nan nasa ya zama silar arzikinsa.

Maman 'yan biyu da ta ja mana wayar wuta daga solarta har asuba, Allah ya haskaka kabarin iyayenki. Yaya Babba da ya zauna da ni muka canja fasuwod ɗaya bayan ɗaya a wayarsa, don Injiniya ya ce kar a kuskura a canja a kwamfutar da ake zargi, kuma a fitar da duk na'urorin da ke cikin akawun ɗin, Allah ya ƙara girma. Ƙawayena na gurup da kuka yi ta yaɗa cewa kar kowa ya tura kuɗi, da kwastomomin da suka kira suna tambayar wane asibiti ne za su zo dubiya, kun sa ni kuka na biyu wallahi, Allah ya bar zumunci ya saka da mafificin alheri.

Akwai dai 'yan uwa na jini da saƙon ya je musu, na ga alamar sun karanta. Na gode Allah da ba su tura wa ɓarawo ko sisi ba, amma an ce musu ina asibiti fa, ko filashin a ji ina raye. Ba komai, Allah ya bar mu tare.

Injiniya ya ce in tuna muku Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, mai ita ya nemi wanda ya sani ya duba masa. Wanda kuma ya riga ya tura kuɗi don Allah kar ya ji kunya ya kira ni mu san abin yi. Masu oda ku ƙara haƙuri, ranar Asabar in sha Allahu zan fara tura kaya.