Ruwan da ake sha kafin gashi ba na ƙishirwa ba ne

Daga ƙauyenmu da ke bayan Ringim na kai Inna asibiti gashin sankarar bakin mahaifa, wato maganin da ake yi da hasken inji don a ƙone cutar, kuma har yau in na tuna maganar ruwan nan sai raina ya sosu.

Ranar hoton tsara gashin aka ce ta yi fitsari, ta sha ruwa, ta jira, sannan ta hau gado. Haka kullum, Litinin zuwa Juma'a, har zama 25. Ba a ce don me ba. Inna kuwa ga kunya. Layi ya yi tsawo, fitsari ya matse ta, ga maza a ɗakin, sai ta sulale ta zaga, ta dawo ta zauna shiru. A mako na uku gudawa ta kayar da ita, har tsayuwar sallah ta gagare ta.

Wata ma'aikaciya ce, Allah ya saka mata da alheri, ta zaunar da mu. Ashe mafitsara in ta cika tana ture ƙananan hanji sama, su kauce wa hanyar hasken. In ba komai a cikinta, sai hanjin su gangaro ƙugu su sha gashin da ba nasu ba. Injin kuma da hoton ranar farko yake aiki, yadda mafitsarar take ran nan haka ake son ta kullum. Don kare dubura ma ake so a yi bayan gida tun da safe.

Inna ta ce, "Yo 'yar nan, ai da an gaya mini magani ne, da na daure."

Bayanin da bai kai minti biyu ba! Daga nan agogo ya dawo hannuna. In layi ya ja, ma'aikatan nake zuwa in tambaya, ba ita za ta yanke wa kanta ba. Gudawar ba ta ɗauke duka ba, amma ta lafa, ba mu tsallake zama ba. Tsallaken likita ke gudu, domin ana son a gama har da gashin ciki, wanda ake yi daga cikin jiki kusa da cutar, cikin mako 8.

Gwaggo ta zo da man zafi, wai a gasa mata mara da ruwan zafi kamar mai jego. Na hana, ta yi fushi. Fatar wurin ruwan ɗumi kawai take so, ba soso, ba a kuma goge alamar da aka zana a fatar don saita injin.

In tsohuwa kike jinya, kada ki tsaya a "Kin sha ruwa?" Za ta ce ta sha, kuma gaskiya ta faɗa. Tambaye ta ko ta zaga bayan ta sha.